Muryar Inna a Kaset

Baffa, ƙanen Baba, ya tura rikodar gaban Inna ya ce, "Yi magana mana, batir take ci." Inna ta ci gaba da tsince wakenta kamar ba da ita ake ba.

Yayana ne ya aiko da abin. Ya bi shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Ikko, ya zauna can. Gidanmu babu mai iya wasiƙa, ni kaina sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci. Shi ne ya ba wani direba rikoda da kaset, ya ce kowa ya yi magana a mayar masa. A ƙarshe ya ce, "Muryar Inna nake son ji."

To, ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta hira da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. Yau jikata takan danna waya ta yi wa ɗanta kirari a tsakiyar kasuwa. Mu ba haka muka taso ba.

Baffa ya kai rikodar ɗakinta, ya danna, ya ce, "Babu mai ji sai shi." Ya bar ta a ciki, ya fito ya saki asabari. Ita a zatonta murya kamar hatsi ce a buhu, an ɗinke ke nan, sai Ikko za a kwance.

Bayan la'asar muna daka ni da ita da matar maƙwabcinmu. Maza suna zaure: Baba, kakanmu, liman. Baffa ya so ya ji ko rikodar ta ɗauka, ya mai da kaset baya ya kunna, ga murya a ƙure.

Sai ga muryar Inna ta tsallako katanga. Sunan Yaya ta kira, sunan yanka. "Kana ƙoshi kuwa? An ce can babu gero. Ciwon kunnen nan ya bar ka? Ka dawo, ɗana." Sai kuka, sosai, har da jan hanci. Duk a kunnen surukinta.

Liman ya kama tari. Matar maƙwabci ta ce, "Ashe kin san sunansa." Inna ta jingine taɓarya ta shige ɗaki.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tausayinta bai zo mini ba, kunya ce ta rufe ni. Rijiya ma ƙin zuwa na yi, don 'yammata suna kwaikwayon kukan.

Daga cikin ɗaki Inna ta ce a goge. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ki bari, yaron shi ya roƙa."

"In kaset ɗin nan ya bar gidan nan da muryata, gobe ina Gagarawa gidan ubana."

Baffa ya goge. Aka tsai da ni gaban rikoda na ce, "Yaya, Inna tana gaishe ka." Ranar kasuwa direba ya tafi da shi.

Sai da aka yanke gero amsa ta zo. Aka kunna a tsakar gida, Inna tana bakin murhu ta ba mu baya. Yaya bai ko gama sallama ba ya ce, "Na ji kowa, ban ji Inna ba. Baba, ku gaya mini gaskiya. Rasuwa ta yi kuka ɓoye mini?"