Kwana Biyu da Wayar Nafisa

Akwai wata Talata a bazarar bara da har yau ba ta fita raina ba. Shekarar ta zo da zafi mai hana zama, rijiyar makaranta ta ja baya, kowa a ƙage yake. Ni ce mai kula da ɗakunan kwanan 'yan mata a wata makaranta tsakanin Bodinga da Shagari. Yara da malamai duk Inna suke ce mini.

Ga ƙa'idarmu, don sababbin ma'aikata: in an kama waya, a akwatina take kwana har kwamitin ladabtarwa ya zauna ranar Alhamis. Waya kaɗai horo ne. In da mugun abu a cikinta, kora ce.

A Talatar nan aka kama Nafisa 'yar garin Lambara da waya, saura mata mako uku jarrabawar fita. Mataimakin shugaba, Malam Sani, ya leƙa wayar ya ga kaburbura da wani mahayi marar fuska. Da yatsa biyu ya miƙo mini ita.

"Inna, wanga abu tsafi na. Ɗiyar nan ta shiga ƙungiyar asiri."

Na kasa zaune na kasa tsaye. Bayan la'asar na kira ta.

"Wallahi Inna wasa na," ta ce tana kuka.

"To share hawaye, nuna mini."

Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wasan kuma duk Turanci. Ita ta riƙa fassara mini, ko gargada babu. Ashe mutum zai zaɓi wanda zai zama: mayaƙi, ɓarawo ko mai magani. Na zaɓi mai magani. Ƙasa ce da rana ta daina fitowa. A hanya na tarar da wata mata riƙe da ɗanta ba lafiya, ni kuma kwalbar magani ɗaya ta rage mini.

"Kar ki ba ta, Inna! Dodon gada zai kashe ki."

Na ba ta. Sau bakwai ya kashe ni.

Ranar Laraba yara na aji, na ce bari in ƙara dubawa saboda kwamiti. Caji ya ƙare, na kai wa maigadi ya jona mini a solarsa, ina kai da kawowa kamar mai jiran haihuwa. Tana cika na koma wasan. Da na tsallake gadar na iske ƙofar gari a rufe. Wa zai buɗe mini? Matar nan. Wasan bai manta ba. Ina cikin murna na ji kiran sallah. La'asar ce, ban yi azahar ba.

Ranar Alhamis shugabar makaranta ta ce, "Inna, mi kinka gani?"

"Ranki ya daɗe, ba tsafi ba ne, labari ne. Yana koya Turanci, kuma alherin da ka yi a ciki yana jiranka a gaba. Amma jini ya yi yawa, duhunsa yana bin mutum har cikin ido. Babban aibinsa, ba shi da wurin tsayawa. Ka ajiye kafin ka kai masauki, duk wahalarka ta tashi a banza."

Malam Sani ya ce, "Yarinya ta tsara ki dai."

Da na yi shiru, da mutuncina ya tsira. Na dubi Nafisa a durƙushe.

"Malam, ni na buga shi da hannuna. Jiya ya ci mini azahar."

Sai shugaba ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Aka yanke wa Nafisa sharar mako biyu, waya kuma a mayar gida. Ni ma na sha faɗa, kuma na cancanta.

Abin da na koya: a aikinmu kada ka ba da shaida kan abin da ka leƙa kawai, ko da dubawar za ta kunyata ka.

Washegari mahaifinta ya zo a kan babur. Na naɗe wayar a leda na miƙa masa. Na koma na tarar da Nafisa tana shara.

"Inna, kin shiga garin?"

"Yi shararki," na ce. Na ɗauki ɗaya tsintsiyar na kama mata.