Gabun Gwaggo Dije da Sikelina

Ku da kuka san Gwaggo Dije, ƙanwar babana, kun san ba ta taɓa sayen gabu a kasuwar Gidan Rumji ba sai ta shinshina, ta murza, ta ci mutuncin mai shi. "Wanga lawashin albasa ne ko harawar jakinka?" Sannan ta saya. Tun da ta rasu kuke ta yabonta. Ni kam har yanzu haushinta nake ji, kuma yau sai kun ji dalili.

Duk bikin unguwarmu ita ke kaɗa miya, kuma daɗin miyar nan a gabu yake. Da na samu aikin girki a wata lakol, wato makarantar boko, inda komai sai an ɗora a sikeli, har gishiri, sai na ce bari in mayar da awon hannunta zuwa giram, kada miyar ta bi ta kabari. Na sayi ɗan sikeli na kai mata. Ta juya shi gaba da baya, ta tambaye ni ko ƙarfen nan yana da harshe. Washegari na tarar ta cire farantinsa ta zuba wa kaji dussa a ciki.

Na wanke farantin ina huci, na ce ta ɗebo mini gabu yadda take ɗibar wa babbar tukunya. Ta ɗebo, na auna. Ta sake, nauyin ya kusa ninkawa. Na uku ko rabin na farko bai kai ba. Na ce, "Gwaggo, don girman Allah wanne ne na gaskiya?"

Ta ce, "Duka. Na hwarko na baƙi ne, na biyu na surukai, na ukku na wanda nike jin haushinai."

Da na ishe ta da naci, ta yarda in zauna kusa da murhu in auna duk abin da za ta zuba. Amma kullum miya na gab da nuna sai ta ce, "Ke, tahi ɗaki ki ɗauko mini gishiri." In je in dawo, ta ce ashe ma ya ji. Sai in koma lakol in zuba daidai abin da na auna, miya ta fito salam kamar ruwan wankin tukunya. In kawo mata kuka, ta ce ai hannuna ne ya yi boko da yawa.

Ranar da aka fito da tufafinta za a raba, kowane zani da ƙulli a haɓarsa. Matan gida suka yi ta kwancewa suna kakkaɓewa a ƙasa, su a zatonsu garin taba ne. Na ƙarshen ne ya faɗo hannuna. Na shinshina: gabu ne, baƙi wulik, soyayye da man shanu. Ashe shi take ƙarawa in ta aike ni! Shekara da shekaru tsohuwar nan tana sa ni zaryar gishirin da tukunya ba ta buƙata, tana ganina ina zagin hannuna, ko a jikinta.

Ranar sadakar arba'in na ɗauko sikeli, na riƙe ƙullin nan a kansa. Abin da na daɗe ina nema ke nan, in ɗora in karanta kawai. Sai ƙamshin zanin ya buge ni, na ji kamar tana bayana tana tambaya ko ƙarfe yana da harshe. Na juye gabun a tukunya ban auna ba.

Kuka ci, kuka suɗe kwano, kuka ce kamar Dije ta dawo. To, kun cinye. Babu saura, kuma ban san nauyinsa ba har abada. Ta ci ni tana raye, ta sake cina tana kabari.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Ranar da za a ɗora aikinki a ma'auni, Allah ya ƙara miki daga ɓoye, yadda kika riƙa ƙara mana.