Waken Malam Bubayero

Mutanen Azare har yau cewa suke ni, Dijatu, na dafe aikin gwamnati. To ba na gwamnati ba ne, na jami'a ne, kuma ga yadda aka yi.

Mijina Malam Bubayero haifaffen Katagum ne. Shekara ashirin yana harbin agwagin ruwa a fadama kafin gwiwa ta hana shi. Boko bai yi ba, amma tsuntsu yana can kamar ɗigo a sama zai gaya maka sunansa. A 2004 Omolara ta zo nemansa. 'Yar mai shagon kayan keke ce a kasuwarmu, a gabanmu ta girma, ta dawo daga jami'a da madubin hangen nesa tana binciken tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai lokacin sanyi. Ta ɗauke shi ya riƙa ƙirga mata su duk Janairu. Daga ranar nan Malam ya daina amsa sunan maharbi.

Na ce ya kawo in riƙa rubuta masa, tunda na gama sakandare. Ya ce ilimi ba a biro yake ba. Sai ya ƙirƙiro nasa: duk agwagi goma na gida, ƙwayar wake ɗaya a aljihun dama. Duk baƙi goma, gujiya ɗaya a na hagu. In ya dawo ya juye a kwano. A ina yake ajiye kwanon? A ɗakin girkina, jama'a, kusa da manja!

A 2007, bayan sati uku yana jelar fadama, Omolara ta zo karɓar lissafi, za ta wuce washegari. Baƙuwa ta zo, a bar ta da yunwa? Na ga wake a kwano tsintacce tas, babu ƙwari, na yi garau-garau. Gujiyar kuma na tafasa. Ta ci ta ƙara.

"Baba, kawo mu ƙirga," in ji ta.

Ya shiga, ya fito da kwano wayam. Ya dube ni, ya dubi farantinta.

"Omolara," ya ce, "kin cinye agwagin Turai."

"Ni? Nawa na ci?"

"Ke da ita. Har ni na taɓa na gida."

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta nutsu. Ta ce in ba ta kai lissafin bana ba, manyanta za su ce a nemo mai rubutu. Malam ya zauna a kan turmi, hula a hannu. Shekara talatin muna tare, ban taɓa ganin ya ƙanƙance haka ba.

Na ce, "Malam, tashi min daga turmi. Ka taɓa ganin na zuba abu a tukunya ban auna ba? Wake gwangwanin madara biyu da rabi. Gujiya gwangwani ɗaya, ba a cika baki ba, daidai gaɓar yatsan nan."

Na je wajen Ya Gana mai awo, inda ya saya tun farko, na kawo irinsu. Na auna kamar yadda na auna da safe, muka baje a tabarma muka ƙirga sau uku. Omolara ta gwada da kwanakin da ta fita da kanta ta rubuta, ta ce lissafin ya shiga hankali, za ta sa shi a matsayin kiyasi.

Aiki bai kuɓuce masa ba. Da rahoton ya fito ta aiko mana. Na karanta shi tun daga bango: an gode wa Malam Bubayero, an gode wa direba, an gode wa mai kwalekwale. Dijatu fa? Ko a gefen shafi.

Shi kuwa har yanzu bai yarda da biro ba. Tsakuwa ya koma, fara da baƙa. Wai yana so ya ga yadda zan yi da ita.