Ni da Taubashina a Kunnen Kaka

Kakana ya makance tun kafin Nasara su kafa bariki a Dakoro, amma ƙafarsa ce kawai ta zauna, ransa bai taɓa sauke kaya ba. Da ƙuruciya madugu ne. Ya kai ayari Agadas, ya kai Kano, ya sha ruwan rijiyoyin da yanzu ko sunansu ba a tunawa. Da ido ya tafi sai ya koma fataucin tambaya. Kullum bayan la'asar a shimfiɗa masa buzu a zaure, ya jingina da bango, duk wanda ya shigo sai ya ajiye labari kafin ya sami wurin zama.

Ni ne babban mai kawo masa haja. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, na dawo aka ɗauke ni komi, wato akawu, a wurin likitan dabbobi, ina rubuta shanun da aka yi wa allura. Ina tashi daga aiki ko gida ba na shiga, sai zaure, shi kuma ya fara jero tambayoyi. Me ya sa allura take nutsewa, jirgin ƙarfe kuma yana yawo a kan ruwa? Me yake kama wata, tunda na ce ba rana ba ce? Jamus da Faransi wa ya fara tsokanar wani? Gishirin teku da na Bilma wanne ya girmi wani? In amsa masa dalla-dalla, ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla da ɗan lakwal." In Buzayen Tagriss sun sauka gidanmu ranar kasuwa, ko manoman Mai Yara sun zo gaisuwa, sai ya laluba ya kama hannuna ya ce musu wannan jikan nasa ya san abin da ke bayan teku. Wannan yabon ya fi mini tuwo da man shanu daɗi, kuma na ɗauka nawa ne har abada.

Sai ga ɗan gwaggona ya dawo. Taubashina ne, sa'ana, mutumin Sabon Maci. Ya bi garken shanu zuwa Kano, ya ɓace shekaru yana yin abin da Allah kaɗai ya sani, ya dawo da hula a karkace da ƙyalle ɗaure a wuya. Ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba. Amma ya shiga silima, ya zauna kusa da garmaho, kuma Allah ya ba shi baki.

Ranar farko da ya shigo zaure ina tsakiyar bayanin yadda ƙasa take juyawa. Ya gaida Kaka, ya dube ni ya ce, "Bawana, har yanzu kana nan kana juya ƙasa? Matsa in zamna." Ya soma ba da labarin wani ɗaki marar rufi inda ake rataya farin zane, mutane su fito a jikinsa suna sukuwa da dawaki suna harbi da hannu biyu. Na ga Kaka ya bar bango ya miƙe zaune. Ni duk shekarun da na yi ina kawo masa ilimi bai taɓa barin bangon nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da ikon yin fushi. Taubashi ko me ya faɗa maka sai dai ka yi dariya ka rama, in ka ɓata fuska kai ne abin faɗa a dangi. Haka na riƙa yaƙe haƙora kishi yana cina. Ran nan taubashina ya kife ƙwarya yana kaɗawa yana rera waƙar Larabawa da hanci. Kaka ya tambaya ko akwai abin kiɗan da ya fi mutum nauyi. Na san amsar, na san sunansa da ƙasar da aka ƙirƙiro shi. Kafin in buɗe baki taubashina ya ce akwai wani akwati mai haƙora farare da baƙaƙe, in an taɓa na hagu ya yi gurnani, in an taɓa na dama ya yi kukan tsuntsu, ya kuma kwaikwaya da bakinsa. Sunan kuwa ba wanda ya nema.

Wata rana ya yi ƙaryar da na kasa haɗiyewa. Wai ya ga an harbe wani jarumi ya faɗi matacce, da mako ya zagayo sai ga shi ya dawo a kan wani dokin, saboda yana da maganin bindiga. Na ce wannan shirme ne. Na yi bayani cewa hotuna ne jere a kan wani dogon zare, fitila take tura su jikin zane, kuma ba wanda ya mutu, wasa ne.

Kaka ya juyo wajena ya ce, "To kai ka taɓa ganin abin ga?"

Na ce, "Na karanta shi, Kaka."

Taubashina ya ce, "Gani ya kori ji, komi."

A gaban makaho ya faɗi haka, kuma makahon ne ya fi kowa dariya. Gaskiya tana wajena, har gobe tana wajena, amma ni na tashi da kunya.

Ana nan sai na ji a wurin aiki cewa kumandan bariki ya sa za a kawo motar silima daga Maraɗi, a haska a bangon bariki bayan magariba. Na tambayi direban kumandan da wane harshe silimar take magana, ya ce Faransanci zalla. Wayyo daɗi! Na ce yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Na wanke kakin aikina na goge, na je na gaya wa Kaka da kaina. Ya ce ko a kan jaki sai an kai shi.

Muka shimfiɗa tabarma a gaba-gaba, garin duk ya fito, har Fulanin da suka kwana kasuwa. Na zauna a daman Kaka, taubashina a hagunsa. Injin ya tashi, haske ya faɗa bango. Ba doki, ba bindiga. Wata babbar tashar jiragen ruwa ce a Faransi, wani Bature da ba a ganinsa yana ta zuba bayani. Na saci kallon taubashina, na tabbata ko kalma ɗaya ba ya ji, na ji sanyi a raina.

Na kai baki kunnen Kaka na fara aiki. Na gaya masa sunan birnin, da tekun da yake bakinsa, da irin kayan da ake saukewa, har da gyaɗar ƙasarmu. Ban yar da kalma ɗaya ba. Can sai na ji ɗaya gefen ya soma.

"Kaka, ga wani ƙato ya ɗauko buhu, tumbinai kamar na mahaucin bakin kasuwa. Kai! Ga wata raƙuma ta ƙarhe, wuyanta ya hi rimi tsawo, ta duƙo ta ɗauki mota da baki."

Kaka ya ce, "Gurhwana takai a ɗora mata, ko daga tsaye?"

"Daga tsaye, Kaka! Ko tsaki ba ta yi."

Na yi sauri na ce ba raƙuma ba ce, inji ne, kuma na faɗi sunansa. Sai jirgin ƙasa ya taso kamar zai fito daga bango, mata suka yi kururuwa, na gaba suka kwanta. Taubashina ya kama kafaɗar Kaka yana cewa su sunkuya, tsohon ya sunkuya yana ƙyaƙyata dariya kamar yaro. Da ya ɗago, ƙeyarsa nake kallo. Na ɗaga murya, na matsa har gwiwata ta taɓa tasa, na ci gaba da fassara, don Baturen ya shiga tarihin tashar, wurin da na san Kaka zai so.

Sai ya laluba ya ɗora hannu a gwiwata, a hankali, ba tare da ya juyo ba.

Ya ce, "Ɗan lakwal, yi shuru kaɗan. Kallo nikai."

Na yi shiru. Baturen ya ci gaba da bayaninsa har aka kashe injin, kuma a duk tabarmar nan ni kaɗai nake jin abin da yake faɗa.