Littafin da Oga Ishaya Ya Rataya wa Kowace Kwamfuta

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Oga Ishaya, makaniken injin saƙa a wata masaƙa ta Kakuri, wanda daga baya ya buɗe shagon buga takardu da kwamfuta ya ɗauke ni aiki. Sunana Rabi, amma mutanen Kakuri sun fi sanina da Hajiya mai taifin. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama sai in ce zan yi rubutu a kansa, in ɗauki biro in ajiye. Bana wasu ma'aikata biyu ne suka tunzura ni a cikin keke, daga Kakuri zuwa Makera. Suna gardama a kan Linux, manhajar nan mai tuƙa kwamfuta wadda ake rabawa kyauta, ɗayan yana rantsuwa cewa ta injiniyoyi ce kawai, mutum irin na titi ko ya shekara a gabanta ba zai buga wasiƙa ba. Na yi gum har na sauka, na kuma wuni ina jin haushin kaina. To ga amsar da ban ba shi ba.

Ni da Oga Ishaya mun yi shekaru a masaƙa ɗaya, ni a ofis ina dukan tafireta, shi a ƙasa cikin ƙarar injuna. Akwai wata al'ada a wurinsu. Kowane inji da katinsa rataye a jiki, makaniken da ya gyara shi zai rubuta abin da ya lalace da yadda ya yi, ya sa hannu, don wanda zai karɓi aiki bayansa kada ya fara lalube daga farko. Sauran makanikai kan yi jagwalgwalo su wuce. Shi kuwa Oga Ishaya yakan cika kati gaba da baya, har ana tsokanarsa wai wasiƙa yake rubuta wa injin.

Sojoji suka koma bariki, muka yi ta murna za mu sha romon farar hula. Ba a yi wasu shekaru ba muka wayi gari ƙofar masaƙa da kwaɗo. Na haura arba'in a lokacin, ga yara, ga miji mai ciwon ƙafa. Duk ofishin da na shiga sai a tambaye ni takardar shaidar kwamfuta. Wani ma kallon hannuna ya yi ya ce, "Mama, zamanin tafireta ya wuce, ki je gida ki huta." Maganar nan ta yi min ciwo ƙwarai, don na san a duk ofishinsa babu mai saurin yatsuna.

Ina cikin wannan hali Oga Ishaya ya taso tun daga Unguwar Boro har ƙofar gidanmu. Ya gaisa da maigidana, sannan ya ce, "Malama Rabi, na sayi kwamfuta tokunbo, 'yan gwanjo, guda huɗu. Yatsunki nake so, sauran ni zan koya miki." Haka ya ɗauko Rifkatu, wadda ita saƙa ta yi a masaƙa, ko tafireta ba ta taɓa taɓawa ba. Mutane suka ce Ishaya ya buɗe gidan tsofaffi.

Shekarar farko mun sha wuya a hannun bairos, cutar nan ta kwamfuta. Mutum zai zo da filash ɗinsa da ya zaga shaguna biyar, a soka a kwamfuta, kafin la'asar aikin mako guda ya zama shirme. Maganin kuwa ɗaya ne a duk Kakuri. A kira injiniya, ya zo da jakar faya-fayansa, ya ce "sai an yi fomat", ya share komai kaf ya sake zubawa. Bayan wata ɗaya a sake kiransa. Wannan abu ya tsaya wa Oga Ishaya a wuya. Mutumin da ya saba kwance inji ya ga abin da ya karye da idonsa, yanzu an ba shi na'urar da ba a yarda ya leƙa cikinta ba.

Wata rana ya dawo daga gidan waya da wani faifai da aka aiko masa kyauta daga ƙasar waje, yana washe baki. Ya ce mana wannan manhaja a buɗe take, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka taru suka gina ta, kowa yana da izinin ya duba cikinta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa. Ban fahimci rabin abin da ya faɗa ba. Abin da na gani shi ne, ya zuba ta a kwamfuta ɗaya, aka yi wata uku ana soka mata filash iri-iri ko atishawa ba ta yi ba. Daga nan ya zuba wa sauran ukun.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce komai ya tafi sumul ba. Mai zanen katin aure ya zo ya nemi manhajar da ya saba da ita bai samu ba, ya fita yana tsaki. Wani lokaci mu buga jadawali tsaf, a buɗe shi a wani ofis layuka su karkace, a dawo mana da faɗa, sai da muka koyi yadda ake adana shi ya zauna daram. Maƙwabtanmu masu shaguna suna ce wa kwastoma kada su zo wurinmu, wai kwamfutar Ishaya ba irin ta mutane ba ce. Amma wasiƙa, takardar neman aiki, kundin ɗalibai, tsarin taron coci da na walima, waɗannan duk muna buga su, kuma su ne abincin shagon.

A nan ne al'adar masaƙa ta dawo. Ya sayo littafin rubutu na 'yan makaranta guda huɗu, ya huda gefe ya zura igiya, ya rataya wa kowace kwamfuta nata. Duk matsalar da ta taso, ba zai gyara ba sai mai kwamfutar tana zaune. Zai sa ki danna da hannunki, sannan ya rubuta a littafin da Hausa, mataki bayan mataki, har da zanen inda za a danna. Gobe idan abin ya sake faruwa kika kira shi, ko ɗago kai ba zai yi ba, sai dai ya nuna littafin da leɓe. Na sha yi masa tsiya a kan haka, in ce shi dai ƙyuya ce ke damunsa ya fake da koyarwa.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Yana asibiti aka kawo wuta mai ƙarfi ta ƙona mana firinta, muka ɓoye masa. Ranar Lahadi ya cika. Za a kai shi ƙauyensu a Kudancin Kaduna ranar Juma'a a yi jana'iza Asabar. A al'adarsu kuwa ba a jana'izar dattijo ba tare da ɗan littafin nan da ake rabawa ba, mai hotonsa da tarihinsa da waƙoƙin da za a rera da saƙonnin 'yan uwa.

Ranar Litinin ƙanensa Bulus ya shigo shago tare da injiniyan nan mai jakar faya-fayai. Bulus mutumin kirki ne, matar wansa da 'ya'yanta yake tunani. Ya ce, "Hajiya, gaskiya dai wannan abu Yaya kaɗai ya iya shi. Yanzu ba ya nan. Injiniya zai yi fomat ya sa wadda kowa ya sani, ya kawo masu satifiket su riƙe shagon. Furogiram ɗin jana'izar kuma zan kai tsallaken gada a buga."

Na gane sarai abin da ake nufi. Za a sake cewa in je gida in huta, wannan karon kuma ba wanda zai zo ƙofar gidanmu nemana. Rifkatu ta fara share ido da gefen zani. Ni kuwa raina ne ya ɓaci. Na ce, "Malam Bulus, mutumin da ya buga wa rabin Kakuri takardar jana'iza, tasa ce za a kai shagon wani? Ka ba ni zuwa Alhamis da azahar. Idan ba ta fito daga shagon nan ba, ni da hannuna zan miƙa wa injiniya makulli." Ya ce ya yarda, idan ta fito shago namu ne mu ci gaba yadda yake. Injiniya ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Mama, dis wan no bi tafireta o."

Na faɗi magana, sai cikawa. Wani Alhaji mai shagon hoto a layinmu ya ara mana firintarsa, amma ba irin tamu ba ce. Muka jona, kwamfuta ta yi kamar ba ta san da zuwanta ba. Na jawo littafin, na bi matakan haɗa firinta ɗaya bayan ɗaya, na zo wurin da za a zaɓi sunanta a jeri, babu sunanta. Na maimaita sau uku. Ganin rubutun hannunsa kaɗai ya isa ya karya min zuciya, ga shi kuma rubutun ya kawo ni bakin hanya ya tsaya.

Rifkatu ce ta ce, "Anti, duba bangon baya." Can a shafin ƙarshe ya rubuta abin da za a yi idan matsala ba ta cikin littafin. Ya sa adireshin wani zaure na intanet inda masu amfani da manhajar ke taimakon juna, ya kuma ja layi a ƙarƙashin gargaɗinsa: kada ki ce "ta ƙi", ba wanda zai gane. Faɗi sunan na'urar, faɗi abin da kika yi, kwafi abin da allo ya nuna miki daidai yadda yake.

Da safiyar Talata muka tafi kafe, shagon da ake biya a shiga intanet, mu biyu tsofaffi cikin masu neman aiki da masu hira. Na zauna na rubuta da Turancina na sakatariya, yadda ya ce, ban rage ban ƙara ba. A ƙarshe na sa cewa aikin na jana'izar wanda ya koya min ne. Muka koma shago muka ci gaba da buga tarihinsa, Rifkatu tana karanto min saƙonnin 'yan uwa. Laraba da hantsi na koma kafe. Mutum biyu sun amsa. Ban san su ba, ban san ƙasarsu ba, har yau kuwa. Ɗaya ya nuna min wani ɗan fayil da zan sauke da inda zan ajiye shi, cikin layi biyar. Ɗayan ya gyara masa layi na huɗu, ya kuma yi min ta'aziyya.

Na kwafo a filash, na dawo, na bi layukan nan a hankali ina bismillah. Na danna. Firinta ta yi ƙara, ta ja takarda, sai ga fuskar Oga Ishaya tana fitowa sannu a hankali, daga hularsa zuwa gemunsa. Rifkatu ta rangaɗa guɗa duk da muna cikin makoki, ni kuma na kifa kai a tebur na yi kukan da ban samu yi ba tun Lahadi. Da na share fuska na jawo littafin na rubuta matakan da hannuna, na sa hannu a ƙasa. Shi ne rubutu na farko a ciki da ba nasa ba.

Alhamis tun kafin azahar Bulus ya tarar da littattafan jana'izar an ɗinke an jera a kwali. Ya ɗauki ɗaya ya juya gaba da baya, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Hajiya, ki yafe ni." Injiniya bai sake zuwa da jakarsa ba. Da ya dawo bayan wata biyu, faifan ya zo roƙo, na kuma ba shi, don dama an ce a raba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An ce min wayoyin da 'yan kasuwar Kakuri ke latsawa, yawancinsu a kan tushen manhajar nan aka gina su. Na san da ya ji haka sai ya zaga layinmu shago-shago yana tsokana. Amma na san kuma zai ɓata rai ganin an manne bayan waya da gam, mai ita bai isa ya buɗe ba. Zai kuma yi faɗa da masu zuba wa mutum sabuwar manhaja su juya baya su tafi, gobe ya rikice su ce ai ba ta dace da talaka ba. Ga wanda ya yi gardama a keke, amsata ita ce ta dace da mutum irin na titi, muddin aikinsa irin namu ne, kuma wanda ya kawo masa ita ya zauna ya koya masa. Mai saƙa da mai tafireta sun riƙe shago da ita shekara da shekaru ba a yi musu fomat ko sau ɗaya ba.

Oga Ishaya bai bar gidan sama ba, ba a sa wa titi sunansa ba. Shagon yana nan, Rifkatu ce ke riƙe da shi, ta yaye mata da dama da aka ce girma ya hana su koyo. Ni kuma bara na ajiye aiki, da idona ya fara gajiya da allo. Ni na zaɓi ranar. Na gama takardar kwastoma na ƙarshe, na kashe kwamfuta, na yi sallama da maƙwabta, na tari keke na tafi gida in huta, ba wanda ya ce min in tafi.