Askar da Ba Ta Taɓa Kai Ba

Maigidana wanzami ne. A ƙauyenmu, kusa da Tamaske, ba a yin suna sai shi ya aske kan jinjirin. Yakan dawo gida da ƙamshin jarirai a hannu, ni kuwa in riƙe hannun nan in yi ta shinshinawa kamar mahaukaciya.

Mun daɗe ba haihuwa. Ba sassaƙen da ban sha ba, don kowa ya yarda laifina ne. Bayan babban fari ya tafi asibiti da ƙafarshi, lokotoro ya duba maniyyinshi cikin madubin awo. Ya ce ƙwayoyin haihuwar suna da rai, amma sun manne da juna, ba sa motsi. Wai tun ranar da wani raƙumi ya harbe shi a maraina yana saurayi, dakarun jininshi masu yaƙi da cuta suka ɗauke su maƙiya.

Da ya dawo, ya iske gwaggonshi ta kawo mini wani jiƙo. Ya amshi ƙwaryar ya zubar a ƙasa, ya ce, "Gwaggo, ku ƙyale ta haka nan. Ciwon nawa ne." Wane namiji ke faɗin wannan a lokacin?

Bayan rasuwarshi na zazzage zabirarshi. A can ƙasa na iske wata sabuwar aska cikin tsumma, wadda ya aje tun shekarar aurenmu don kan ɗan da za mu haifa. Har yau ina shafa mata mai, kada ta yi tsatsa.