Dattijon da ke Ɗaukar Hoton Teku

Kullum da almuru, Ablavi na bandar kifi a bakin tekun Lome, sai ga dattijon nan: kwat ta yi masa yawa, takalma a hannu, tsohuwar kyamara a wuya. Ba ruwansa da manyan jiragen da ke jiran shiga tasha. Tsagwaron ruwa yake ɗauka, wuri guda. Ita dai tana zargin malamin makaranta ne da ritaya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa.

Yau ta tsokane shi: "Baba, ruwan jiya ne fa, bai sake kaya ba!"

Ya ce, "Gidanmu ne a wurin, kafin teku ta cinye shi."

Sai ya juya kyamarar ga ɗakinta, wanda ruwa ke lasar gindinsa.

"Gyara ɗankwali, 'yata. Baɗi za ki nemi wannan hoton."